Gudawar Yara Da Kafson Kemis

Na san ba a saba ganin zancen gudawa a mujallar makaranta ba, wani ma da ya ga kan maganar zai yamutsa fuska ya buɗe gaba. Ina roƙonsa ya daure. Ni ma da ban kwana shida a barandar asibiti ba cikin dogon hutun da ya wuce, da a kan amfanin ilmi zan rubuta, ko biyayya ga iyaye, kamar yadda aka saba.

Ina da ƙanwa, ita ce autarmu, shekararta ɗaya da rabi a lokacin. Tun da ta fara rarrafe ba ta yin wata biyu ba ta yi zawo ba. In ya zo, Goggo takan ce haƙori ne. Inna kuwa sai ta kwance bakin zane ta fito da kuɗi, in ina gida ni ake aika, domin wai ni ne ɗan boko, na fi iya riƙe bayani. In je in ce wa mai kemis, "Malam, yarinya ce ke zawo." Ba ya ganinta, ba ya tambayar ko da jini ko babu, iyakacinta ya ce, "Na nawa za a ba ka?" Sa'an nan ya haɗo Flagyl na ruwa da Septrin, ya ƙara da kafson nan mai ja da rawaya, ya ce a farke shi a zuba a koko. In kuɗin bai kai ba ya ƙirgo gwargwadon abin da na riƙo. Bayan kwana uku ko huɗu zawo ya tsaya, Inna ta ajiye ragowar magani a bayan jere don wani jiƙon, kowa ya ce kai, mutumin nan ya san aikinsa.

Cikin watan Agusta, ruwa ya zauna sosai, sai abin ya zo mata da wata kama dabam. Ba yawa take yi ba, ɗan kaɗan ne, amma da majina da jini, ga zazzaɓi, in za ta yi sai ta yi ta yunƙuri tana kuka. Inna ta ce atuni ne. Aka aike ni, na karɓo abin da na saba karɓowa. Kwana ɗaya, kwana biyu, kwana uku, ba sauƙi ko kaɗan. Aka sāke aikena, mai kemis ya ce a ƙara yawan cokali. Ran na huɗu da asuba Auta ta ƙi mama, idanunta suka faɗa, tana kuka ba hawaye. Nan ne fa Baba ya ce a tashi. Muka nemi mota zuwa babban asibiti, tafiyar kusan awa biyu saboda hanya ta lalace.

Aka sa mata ƙarin ruwa, aka ɗibi kashinta aka kai ɗakin gwaje-gwaje, likita ya sa a fara yi mata allura tun kafin sakamako ya fito. Da ya tambayi abin da aka ba ta a gida, sai Inna ta dube ni. Na zazzage ledar a gabansa. Bai yi faɗa ba, ya dai juya kwalaben ɗaya bayan ɗaya, ya yi shiru. Ni kuwa da ya yi faɗan ma da ya fi mini.

Ran kwana na uku takarda ta fito. Baba ya miƙo mini ya ce, "Kai da ka yi boko, me aka ce?" Na duba na ga suna a sama, Shigella, a ƙasa kuma an jera sunayen magunguna, kowanne da harafi ɗaya a gabansa. Ampisilin, R. Septrin, R. Tetarasaikilin, watau kafson nan mai ja da rawaya, R. Sai can ƙasa na ga S guda biyu. Na karanta haruffan sarai, amma ban gane kome ba, na ji kunya ƙwarai. Da likita ya zo zagaye Baba ya ce, "Likita, ranka ya daɗe, a yi mana bayani." Ya ce duk inda muka ga R, maganin nan ba ya kashe ƙwayar cutar da ke cikin yarinyar, ko an ɗura mata kwalba guda; inda aka sa S shi ne wanda har yanzu ƙwayar ke jin tsoro, cikinsu kuwa har da allurar da ake yi mata. Flagyl kuwa, in ji shi, tun asali ba maganin wannan ƙwaya ba ne. Ya juyo gare ni ya ce, "Samari, kwana huɗun nan da kuka yi kuna ba ta waɗannan, daidai yake da ba ku ba ta kome ba."

Auta ta tashi, alhamdu lillahi. Amma sai da Baba ya sayar da tunkiya biyu, ga aikin gona ya tsaya a tsakiyar damina. Akwai kuma wata baiwar Allah da gadon ɗanta ke kusa da namu, daga wani ƙauye can gaba da mu, wadda ta zo da shi a goye ta koma da shi a naɗe cikin zane. Har yau ina ganin yadda ta tattara kwanukanta ba ta ce wa kowa uffan ba.

Da muka dawo makaranta na kai wa malaminmu na bayoloji takardar nan, domin na kwafe ta a bayan littafina. Ya yi mini bayani, ya kuma ba ni abin karantawa, abin da na fahimta shi ne nake so in faɗa muku.

Da farko dai, ba jikin yaro ne ke sabawa da magani ba, yadda mutane ke cewa. Ƙwayoyin cutar ne ke gagarar maganin. Ƙwayoyin nan da ake kira bakteriya halittu ne masu rai, ba a ganinsu sai da madubin likita, suna ci suna hayayyafa. Yadda suke haihuwa shi ne ɗaya ta rabe biyu. Akwai wadda ake kira E. coli, mazauniyar hanjin kowa, in ta sami wuri mai daɗi takan rabe kowane minti 20. Na zauna na yi lissafin da kaina lokacin firef: cikin awa 7 za ta rabe sau 21, ɗaya ta zama 2,097,152. To, a cikin taro mai yawa haka ba a rasa 'yan kaɗan da halittarsu ta ɗan bambanta, waɗanda maganin ba ya kamawa. In aka sha kafso sai ya kashe masu rauni ya bar waɗannan. Da can suna cikin matsi, ana cinye musu abinci. Yanzu an share musu fili. Kafin gari ya waye sun cika wurin, su da 'ya'yansu duk masu taurin kai. Duk manomin da ya taɓa fesa maganin ciyawa iri ɗaya shekara da shekaru, ya ga wata ciyawa ta daina jinsa har ta mamaye gona, ya riga ya san wannan karatu.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, ƙwayoyin nan suna ba juna sirrin. A ƙasar Japan aka fara gano haka. Wani likitan ƙasar mai suna Kiyoshi Shiga shi ya gano ƙwayar atuni a 1897, shi ya sa ake ce mata Shigella. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu atuni ya yi yawa a can, aka yi ta ba da maganin salfa, cikin 'yan shekaru ya daina ci. Aka koma wa sababbin magunguna. A 1955 sai ga wata Shigella da ta gagari magani huɗu a lokaci guda. A 1959 masana na Japan suka nuna cewa wannan taurin kai yana iya ƙaura daga E. coli zuwa Shigella, ko daga Shigella zuwa E. coli, in sun haɗu. Ashe akwai wani ɗan guntun gado da ƙwaya ke miƙa wa maƙwabciyarta, kamar yadda ɗan makaranta ke miƙa satar amsa ta ƙarƙashin tebur. Ma'anar wannan a gare mu ita ce, duk sa'ad da aka ba yaro kafso ba bisa dalili ba, ko da babu wata muguwar ƙwaya a cikinsa ran nan, ana horar da ƙwayoyin hanjinsa ne su gagari magani. Ran da muguwar ta shigo sai ta tarar da makami a ajiye.

Kuma ba a cikin yaro ɗaya abin ke tsayawa ba. Yana fita cikin kashi, ƙuda ya ɗauka, ruwan sama ya kwashe ya zuba a rijiya ko kududdufi, hannun da ya yi wa yaro tsarki ba sabulu ya koma cikin kwano. Shigella ba ta bukatar yawa, ƙwaya goma zuwa ɗari sun isa su kwantar da mutum. Saboda haka kafson da aka ba ɗan maƙwabta ba dalili, mu ma muna cikin masu biyan kuɗinsa. Wanda muka ba Auta, su ma haka. Har da kajin gidan gona da ake zuba wa tetarasaikilin cikin ruwan sha kullum, ko lafiyarsu lau, su ma suna da kamasho.

Wannan ba sabon gargaɗi ba ne. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a London a 1928, ya faɗa tun 1945, sa'ad da ya je karɓar kyautar Nobel, cewa yana jin tsoron ranar da kowa zai iya sayen maganin a kanti, wanda bai sani ba ya sha ƙasa da ƙima, ya koya wa ƙwayoyin cuta jure shi. Sai ka ce kemis ɗin unguwarmu yake gani. A 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a kan atuni, ta lissafa magungunan da ba za a ƙara dogara da su ba wajen Shigella, cikinsu har da ampisilin da Septrin da tetarasaikilin da kuloramfenikol. Watau shekara da shekaru kafin a haifi Auta, kai har kafin a haife ni, an riga an san abin da nake karɓowa a leda ba ya aiki. Hukumar ta ce a koma wa siprofulokzasin. Yau shi ma ya fara sanyi a ƙasashe da dama, musamman a kudancin Asiya, har a 2024 hukumar ta sa Shigella mai gagarar irin wannan magani cikin jerin ƙwayoyin da ake bukatar sabon magani dominsu. A Amurka ma, da duk arzikinsu, hukumarsu ta yaƙi da cututtuka ta yi shela a 2023 cewa kashi 5 cikin 100 na Shigella da aka ba da rahotonta a 2022 ta gagari dukan magungunan da aka saba ba da su, alhali a 2015 babu ko ɗaya.

Wani babban bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin bakteriya da suka gagari magani, kuma wajen ɗaya cikin biyar yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. In aka auna da yawan jama'a, yankin da abin ya fi tsanani shi ne Afirka ta Yamma. Mu ke nan.

To, mai karatu zai ce, in ba a ba yaro kafso ba me za a ba shi? A zuba masa ido? Ko kusa. A nan ne nake ganin mun yi babban kuskure, mun bar jaki muna dukan taiki. Mafi yawan zawon yara na ruwa ne tsululu, ba jini, kuma babban mai kawo shi ga jarirai da 'yan rarrafe wata ƙwaya ce da ake kira rota. Ita rota bairus ce, ba bakteriya ba, kuma babu kafson da ke taɓa bairus, ko na nawa ne. Irin wannan zawo da kansa yake tsayawa bayan 'yan kwanaki. Abin da ya faru a gidanmu sau da dama ke nan: ciwo ya gama kwanakinsa ya wuce, mai kemis ya sha yabo. Abin da ke kashe yaro a irin wannan zawo kuwa shi ne ƙarewar ruwa da gishirin jikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gudawa na kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 400,000 kowace shekara, kuma da yawansu ruwa ne ya ƙare musu.

Maganin wannan kuwa kowa ya san shi, raina shi kawai muke yi: ruwan gishiri da sukari, wanda ake sayarwa a 'yar leda da sunan ORS. A 1971, lokacin yaƙin da ya haifar da ƙasar Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira a Bangaon, cikin Indiya. Ruwan ƙari ya ƙare. Wani likita Ba'indiye, Dilip Mahalanabis, ya sa aka riƙa dama gishiri da sukari cikin durom-durom, 'yan'uwan marasa lafiya suna ba su da kofi. Mutuwa ta sauko daga wajen kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 4. Sirrin shi ne, sukarin yana taimakon hanji ya tsotsi gishiri, ruwa kuma ya bi gishirin ya koma jiki, ko da zawon bai tsaya ba. A nan Nijeriya, marigayi Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara wanda ya riƙe ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya yi ƙoƙari ƙwarai wajen yaɗa shi, iyayenmu da yawa suna tune da yadda aka yi ta koyar da shi a rediyo da asibitin awo. A 2004 kuma aka ƙara da ƙwayar zinki, ƙimar da aka tsayar a lokacin ita ce: miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14, jariri ɗan ƙasa da wata shida kuwa miligiram 10. Zinki na rage kwanakin zawo, yana kuma sa ya daɗe bai komo ba.

Yadda ake yi ba wuya. A dama leda ɗaya cikin ruwa mai tsabta gwargwadon yadda aka rubuta a jikinta, yawanci lita ɗaya, watau fiya wata biyu. In babu ledar, a sa sukari cokalin shayi shida a shafe, da gishiri rabin cokalin shayi, cikin lita ɗaya. Kada a ƙara gishiri da nufin ya fi ƙarfi, yin haka illa ne. Duk sa'ad da yaro ya yi zawo a ba shi, da cokali, kaɗan-kaɗan. In ya yi amai a dakata minti goma a ci gaba a hankali. Abin da ya kwana ya wuni a zubar a dama sabo. Kada a hana shi mama, kada a hana shi abinci.

Na san abin da ke hana iyayenmu mata yarda da shi, domin na tambayi Inna. Ta ce, "Ɗan nan, ruwan gishiri ai ba ya tsai da zawo. Kana ba shi yana fita." Gaskiyarta, ba ya tsayarwa, ba kuma aikinsa ke nan ba. Aikinsa ya riƙe ran yaro har ciwon ya wuce. Uwa kuwa da ke wanke zane sau goma a wuni tana son ta ga abin da zai tsai da shi yau, kuma abu mai launi da ɗaci da tsada ya fi kama da magani a ido bisa ga ruwan da ta dama da hannunta. Ban ga laifinta ba. Amma son ganin an yi wani abu shi ya kai mu ga R uku.

Kada kuma a ce na ce a daina ba yara maganin kashe ƙwayoyin cuta. Allurar irinsa ce ta ceci ƙanwata. Akwai inda tilas ne a ba da shi: in an ga jini a kashi, ko kwalara mai tsanani, wadda a 2021 ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya ta kashe fiye da 3,000, akasari a jihohinmu na Arewa. Akwai kuma alamun da in an gani ba a jira: yaro ya kasa sha ko kama mama, ko yana aman duk abin da ya shiga, ko ya yi laushi ba ya kula kowa, idanu sun faɗa, maɗigar jariri ta loɓa, an ja fatar ciki ta ƙi komawa da sauri, ko zazzaɓi mai zafi, ko kwana uku ba sauƙi. Haka jariri sabon haihuwa da yaro mai tamowa, su ba a yi musu jinkiri. Waɗannan asibiti za a nufa, ana tafe ana ba da ruwan gishiri da sukari a hanya. In ma'aikacin lafiya ya rubuta magani, a saye shi cikakke, a ba da shi yadda ya ce har ya ƙare, kada a rage don gobe. Abin da nake cewa shi ne, wuƙar da ake so ta yi yanka ran Salla ba a sare-saren itace da ita kullum.

Akwai magana ɗaya mai nauyi da wani abokina ya faɗa mini da muna gardamar nan a ɗakin kwana. Ya ce, "Kai kana magana kamar asibiti a ƙofar gida yake. A garinmu mai kemis shi ne likita, shi ne nas, shi ke ba da bashi." Wannan gaskiya ce, kuma mu ma da asibiti na kusa da ba mu kai kwana huɗu ba. Shi ya sa ba na cikin masu cewa a rufe kemis-kemis. A doka, irin waɗannan magunguna ba a sayar da su sai da takardar likita, amma dokar da ba ta kawo likita kusa ba a takarda za ta ƙare. Abin da ya fi, a ganina, shi ne a jawo masu kemis a koya musu, tun da su mutane ke fara zuwa wa. Tambaya ɗaya tak, "Da jini ko babu?", da ta canja labarinmu. In babu jini ya ba da ORS da zinki, in da jini ya ce maza asibiti. Na san ribar kafso ta fi ta ORS, kuma in ya hana wani na gaba zai sayar. To, ai mu ne masu saye. Ran da muka daina zuwa muna cewa a ba mu Flagyl, muka koma cewa a ba mu ORS da zinki, abin da zai cika kanta da shi ke nan. Hukuma kuwa, ban da sa ido a kan masu tallar magani a faranti cikin rana a tasha da kasuwa, babban aikinta shi ne ruwan sha mai tsabta da masai, da ɗakin gwaji a asibitocin ƙananan hukumomi, don kada sai an yi tafiyar awa biyu kafin a san wace ƙwaya ce.

Abin da ya fi duka sauƙi shi ne kada zawon ya zo. Tun watan Agusta na 2022 Nijeriya ta sa rigakafin rota cikin rigakafin yara na kullum, ɗigo ne a baki, a sati 6 da 10 da 14, kyauta. Jamhuriyar Nijar ta riga mu, tun 2014. Duk wanda ke da ƙane jariri, in ya je hutu ya ce a nuna masa katin awo ya duba. Sai nonon uwa zalla har wata shida, da wanke hannu da sabulu bayan an yi wa yaro tsarki da kafin a taɓa abinci, da zuba kashin yaro a masai maimakon bayan ɗaki. Mutane na cewa kashin yaro ba ƙazanta ba ne. Ƙwayoyin cuta ba su san da wannan magana ba. Batun haƙori kuwa, lokacin da yaro ke fitar da haƙori shi ne lokacin da yake rarrafe yana kai duk abin da ya tsinta baki. Ƙasar da ya ci ce ke sa shi zawo.

Yanzu bari in juyo kanmu, 'yan makaranta, domin ba mu da bakin yi wa iyaye wa'azi. A buɗe akwatunanmu a gani. Da wuya a rasa Flagyl ko Ampiclox ko kafso a ƙarƙashin garin kwaki. Ran da aka ci wake ciki ya murɗa, sai ka ji ana "Wa ke da Flagyl?", a sha biyu a kora da ruwa, gobe a manta. Wani kafin ya ci abincin dainin ma yake sha, wai rigakafi. Ni kaina na yi, na kuma ba wasu, har ina jin na yi taimako. Mu ɗari nawa ne muke kewayawa masai ɗaya, muke cin abinci a wuri ɗaya? In akwai inda ƙwaya mai taurin kai za ta ji daɗin yaɗuwa, ai makarantar kwana ce. Sa'an nan mu ɗauke ta a cikinmu, lafiyarmu lau, mu kai wa ƙannenmu tsaraba ran hutu. Ina roƙon shugaban ɗalibai mai kula da lafiya, in za a yi binciken akwati na gaba, a haɗa da wannan, a kuma tanadi ORS a ɗakin shan magani na makaranta. Mu ne ake aika kemis a gidajenmu, mu ne ake miƙa wa takarda a ce mu karanta. Ni an miƙa mini na kasa.

Da muka je hutun rabin zango, kwana biyu da isata Auta ta sāke yin zawo, na ruwa, ba jini, ba zazzaɓi, tana wasanta. Inna ta kwance bakin zane. Na je na dawo da ledar ORS uku da zinki na kwana goma, na miƙa mata canji. Goggo ta leƙa ledar ta ce, "Ina maganin?" Na ce shi ke nan, Goggo. Ta ce, "Yau na ga boko! Yarinya na zawo a ba ta ruwan gishiri?" Ta juya wajen Baba. Baba ya daɗe bai yi magana ba, sa'an nan ya ce, "Yaya, a bar shi ya gwada. In an ga jini ko ta ƙi mama, ni da kaina zan nemo mota." Na zauna a tabarma da kofi da cokali, duk sa'ad da ta yi in duba zanen da kaina kafin Inna ta wanke, abin da ban taɓa zaton zan yi ba. Daren farko ban yi barcin kirki ba, ina ta taɓa goshinta. Ran na uku zawo ya tsaya. Na ja layi goma a jikin bango da gawayi saboda zinki, na ce wa Inna kullum ta ba ta ta goge ɗaya, domin hutuna zai ƙare kafin su cika. Goggo har na taho tana nan a kan bakanta, wai haƙorin ne ya gama fitowa.